Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Bauchi A Kan Haƙƙin Maƙwabtan Yankari

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Bauchi, Sanata Bala Abdulƙadir Muhammad, Ƙauran Bauchi.



Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin wadda ta cancanci wanda Allah ya ɗora wa amanar jama'a, da fatan alheri gare ka da iyalinka da mashawartanka, ranka ya daɗe, na ɗauki alƙalami ne domin in yi maka nasiha a kan wata mas'ala wadda, ko da yake ana yawan ambatonta a tarurruka da jawaban kasafin kuɗi, ba safai ake dubanta ta fuskar mutanen da ta fi shafa ba, wato mas'alar Gandun Dajin Yankari, da yawon buɗe idon da ake fatan ya kawo wa jiharmu arziki, da kuma rabon da talakawan ƙauyukan da ke kewaye da dajin suke da shi a cikin wannan arziki. Na zaɓi in yi maganar a bainar jama'a saboda al'amarin na jama'a ne, kuma waɗanda nake magana a kansu, mafi yawansu ba su da hanyar isowa ƙofar ofishinka.

Ba sai na tsawaita wajen ba ka tarihin wurin ba, domin kai ɗan Duguri ne, ka buɗe ido ka ga dajin nan a bayan gidanku. Amma saboda masu karatu, ya kamata a tuna cewa gwamnatin Jihar Arewa ce ta keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a watan Disamba na 1962, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991 ta sa shi cikin gandayen dajin ƙasa, sa'an nan a 2006 aka mayar wa Jihar Bauchi da abinta. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, kuma a cikinsa ne garken giwaye mafi girma daga cikin 'yan kaɗan da suka rage a Nijeriya yake zaune, tare da ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza da dorina, da 'yan zakunan da suka saura, ga kuma kufan mutanen da, da rijiyoyin Dukkey, da koguna da aka sassaƙa cikin dutse, da alamun matoyar tama, waɗanda suke shaida cewa tun kafin a shata masa iyaka, wannan daji mazaunin mutane ne kuma wurin neman abincinsu.

Wanda duk ya taɓa tsayawa a bakin ruwan Wikki ya san dalilin da ya sa mutum zai bar Legas ko Abuja ya yi doguwar tafiya don ya gan shi. Ruwa ne yake ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin wani jan dutse, garau har kana ƙirga yatsun ƙafarka a kan farin yashin da ke ƙasa, ɗuminsa kuwa yana nan a wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina, yana kwarara da miliyoyin lita kowace rana zuwa kogin Gaji, itatuwa sun yi masa rumfa, bika suna zaune a kan rassa suna jiran wanda zai yi sakaci da ƙunshin abincinsa, gadu kuma suna kiwo a tsakanin ɗakunan baƙi ba su kula da kowa. Wannan ni'ima ce wadda ba gwamnati ta gina ta ba, ba kuma kwangila aka bayar aka haƙo ta ba, saboda haka tambayar da ta wajaba a kan kowane shugaba ita ce, su wa suke cin moriyarta, su wa kuma suke ɗauke da nauyinta.

Ranka ya daɗe, sau da yawa idan ana lissafin fa'idar yawon buɗe ido, akan ƙirga yawan baƙin da suka shigo da jimlar kuɗin da suka kashe, sai a ɗauka cewa da zarar adadin ya ƙaru, talauci ya ragu ke nan a inda suka sauka. Alhali kuwa idan mutum ya bi sawun naira ɗaya daga aljihun baƙo zuwa inda ta kwana, zai tarar da wani labari dabam. Baƙon da ya taso daga Abuja yakan sha mai a Jos ko a Bauchi, ya sayi ruwan roba da lemo da tsarabar hanya a kantin cikin birni, ya karkata a Dindima, ya ratsa ƙauyuka da gilashin motarsa a rufe, ya biya kuɗin shiga a ƙofar Mainamaji, wanda yake tafiya asusun hukuma, sa'an nan ya ƙara tafiyar kimanin kilomita 40 cikin daji kafin ya isa masaukin Wikki, inda zai kwana ya ci ya sha a wurin da babu ƙauye ko ɗaya kusa da shi. Idan shinkafar da aka dafa masa da kajin da aka soya masa da sabulun da ya yi wanka da shi duk daga birni aka yo odarsu, to, ya zo ya koma, an rubuta shi a littafin baƙi, an sa shi cikin lissafin ci gaban jiha, amma mai ƙosai da ke bakin hanya da manomin da gonarsa take jingine da iyakar daji ba su ga komai ba sai ƙurar motarsa. Irin wannan yawon buɗe ido yana iya ƙara wa baitulmali kuɗi, yana iya ƙara wa jiha suna, ba tare da ya taɓa talaucin ƙauye ko da ɗan yatsa ba.

Nauyin kuwa ba ya ɓata hanya, ya san ƙofar da yake ƙwanƙwasawa. Lokacin da damina ta kankama ruwa ya wadata ko'ina, giwaye sukan bar kwarin Gaji su bazu, su riƙa fitowa gonakin da ke gefen daji, musamman idan masara ta nuna ko dawa ta fara ƙosawa. Manomin da ya yi sharar gona tun bazara, ya ci bashin taki, ya yi noman fari da maimai, shi ne zai koma kwana a bukkar gona da 'ya'yansa, suna hura wuta, suna buga gwangwani da tsohuwar tasa, suna ihu har muryoyinsu su dushe, a cikin sauro da sanyin raɓa, kuma duk da haka garke ɗaya yana iya shiga cikin dare ya cinye abin da ya ci, ya tattake sauran, gari ya waye mutum ya tsaya a tsakiyar karan da aka kwantar yana duban abincin shekararsa a ƙasa. Doka ta hana shi taɓa giwar, kuma daidai ne ta hana shi. Ta hana shi shiga ya yi farauta inda kakansa ya yi, ta hana shi yankan ciyawar jinka da saran itace da cin zuma a ciki, ta hana maƙwabcinsa Bafillace ya shiga da shanunsa ko da rani ya tsananta. Duk waɗannan hane-hane suna da hujja, domin ba don su ba da tuni dajin ya zama tarihi. Sai dai wanda aka hana shi abu saboda maslahar kowa da kowa, ya riga ya biya wani haraji wanda ba a rubuta shi a kowace takarda ba, kuma adalci yana neman a san da wannan biya nasa.

Magabata sun riga mu duban wannan mas'ala. Malamanmu na fiƙihu sun tabbatar da cewa shugaba yana da ikon keɓe hurumi domin amfanin al'umma, kamar yadda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina saboda dawakin Musulmi, kuma Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya yarda da shi, ya keɓe Rabaza. Amma abin lura shi ne wasiyyar da Umar ya yi wa bararren bawansa Hunayyu sa'ad da ya naɗa shi mai tsaron hurumi, wadda Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa, Buhari ma ya ruwaito ta. Ma'anarta a taƙaice ita ce, ya umarce shi da ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya tsare manyan garkunan mawadata irin su Ibnu Aufin da Ibnu Affan, saboda mawadaci idan dabbobinsa suka halaka yana da gonaki da dabino da zai koma gare su, shi kuwa talaka sai dai ya kwaso 'ya'yansa ya zo ƙofar shugaba yana kuka. Ya kuma yarda a fili cewa ƙasar tasu ce tun asali, ba don lalurar al'umma ba da bai keɓe ko taki ɗaya daga cikinta ba. Ba ina cewa a buɗe Yankari ga shanu ba ne, domin shigar shanu tana kawo cuta ga namun daji, tana korar su daga mashaya, tana kuma zama mafakar masu mugun nufi. Abin da nake ɗauka daga wannan ruwaya shi ne illar hukuncin, wato cewa hurumin da aka keɓe don maslahar jama'a bai halatta ya zama sanadin halakar mai rauni ba, kuma idan lalura ta hana a bar shi ya shiga, to, ya zama wajibi a ba shi madadin abin da aka hana shi.

Ƙasashen da suka fi mu cin moriyar namun daji sun gane haka bayan sun sha wuya. Yuganda ta sa a dokarta cewa kashi 20 cikin 100 na kuɗin shiga gandayen dajinta na al'ummomin da ke maƙwabtaka da su ne. Ruwanda, wadda baƙo yake biyan dala 1,500 don ya ga gwaggon birin dutse, ta fara ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin da gandayenta suke samu tun 2005, ta ninka shi zuwa kashi 10 a 2017, ana gina ajujuwa da ɗakunan shan magani da tankunan ruwa da shi, ta kuma kafa asusu na musamman na biyan diyyar ɓarnar da namun daji suke yi wa gonaki da mutane. Namibiya, wadda daga can ne aka kawo dabbobin da aka zuba a gandun dajin Sumu na jiharmu a 2006, tun 1996 ta ba al'ummomin karkara ikon cin amfanin namun dajin da ke ƙasarsu. Kuma ba ma sai mun ƙetare teku ko hamada neman abin ƙiyasi ba. Tsarin mulkin 1999 ya ba jihohin da ake haƙo arziki a cikinsu aƙalla kashi 13 cikin 100, dokar man fetur ta 2021 kuma ta wajabta wa kamfanoni su zuba kashi 3 cikin 100 na kuɗin da suke kashewa wajen gudanar da aikinsu a asusun al'ummomin da suke zaune a cikinsu. Tun da aka ƙaddamar da aikin man Kolmani a watan Nuwamba na 2022, mutanen ƙaramar hukumar Alƙaleri suke sauraron ranar da wannan doka za ta amfane su, kuma mu duka muna goyon bayansu. To, idan ƙauyen da aka haƙa rijiyar mai a gonarsa yana da haƙƙi rubutacce, da wace hujja za a ce ƙauyen da giwa take kwana a gonarsa, a cikin ƙaramar hukuma ɗaya, ba shi da sai abin da aka ga dama aka ba shi?

Saboda haka babban abin da nake roƙo, Allah ya ba ka nasara, shi ne doka. Na san gwamnatoci sukan kai ɗauki idan ɓarna ta yi yawa, a raba buhunan hatsi, a yi jaje, kuma Allah ya saka wa duk wanda ya yi haka da alheri; amma kyauta tana bin halin mai bayarwa ne, idan ya sauka ta sauka tare da shi, haƙƙi kuwa yana nan ko wa ya hau. A kai wa Majalisar Dokokin jiha ƙuduri wanda zai yanke wani kaso sananne daga kuɗin shiga da na masauki da na kewayawa da baƙi, a zuba shi a asusun da ba ya gauraya da na ma'aikata, a ɗora kulawarsa a kan wakilan ƙauyukan Duguri da Pali da Gwana da sauran masu iyaka da dajin, tare da sarakunansu da limamansu, da wakilcin mata da na makiyaya, kuma kowane wata uku a manna lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita a ƙofar Mainamaji da ƙofar kowane dagaci, a kuma karanta shi a rediyo da Hausa da Fulatanci. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ran al'amarin, domin an sha ganin rabon talaka ya narke a hanya tsakanin birni da ƙauye. A cikin dokar kuma a sa babin diyya mai sauƙin bi: idan giwa ta yi ɓarna, mai unguwa da malamin gona da ma'aikacin daji su je su gani da idonsu kafin sawun ya bushe, su ƙiyasta dami nawa aka rasa, a biya kafin rumbun mutum ya ƙare, ba sai ya sayar da akuyarsa ya yi kuɗin motar zuwa Bauchi bin takarda ba.

Za a ce kuɗin da Yankari take samu a yanzu bai taka kara ya karya ba, balle a raba shi. Amsata ita ce, lokacin da abu yake kaɗan shi ne lokacin da ya fi sauƙin yanke ƙa'idar rabonsa, tun kafin ya yi yawan da masu ƙarfi za su yi rububinsa. Kuma duk nairar da aka ba maƙwabcin daji tana rage abin da ake kashewa wajen tsaronsa, domin ma'aikatan daji, waɗanda wasunsu suka rasa rayukansu a hannun mafarauta, Allah ya jiƙansu, ba za su taɓa isa su tsare iyaka mai wannan tsawo ba idan mutanen da ke bakinta suna kallon dajin a matsayin abokin gaba. Haɗin gwiwar da jiha ta yi da ƙungiyar kare namun daji ta WCS tun 2014 ya nuna haka, domin kashe giwaye saboda haure ya ja baya ƙwarai bayan da aka kyautata sintiri, aka kuma ɗauki mutanen ƙauyuka suna sa ido suna ba da labarin motsin garke.

Bayan rabo sai ciniki, wanda a ganina ya fi rabon ma albarka, saboda yana shiga hannun mutum kai tsaye ba tare da ya roƙi kowa ba. Allah cikin hikimarsa ya sa lokacin kallon namun daji shi ne rani, daga sanyin hunturu zuwa zafin bazara, sa'ad da ciyawa ta kwanta dabbobi suka taru a bakin Gaji, kuma wannan shi ne daidai lokacin da aikin gona ya ƙare, samarin ƙauye suke ɗaure kayansu su tafi cin rani birane. Duk wanda za a ba shi riƙon masauki ko ɗakin abinci a Wikki, gwamnati ce ko ɗan kasuwa, a rubuta masa a cikin yarjejeniya cewa ƙwai da kaji da tumatir da albasa da nono da zuma daga ƙauyukan kewaye zai saye su, a kuma taimaki masu kawowa su haɗa kai ƙungiya ƙungiya don kayan su riƙa zuwa a kan lokaci da tsabta. A kafa 'yar kasuwa mai rumfuna da bayan gida da masallaci a bakin ƙofa, inda kowace mota take tsayawa dole, a ba mata masu ƙuli-ƙuli da tabarmi da faifai wuri. Maharbin da ya san sawun kowace dabba da kukan kowane tsuntsu da sunan kowane itace da maganin da yake yi, yana da ilimin da ba a koyar da shi a jami'a, kuma baƙo zai biya don ya ji shi. A ɗauke shi jagora, a haɗa shi da yaron da ya yi makaranta ya riƙa yi masa tafinta. A Kenya manoma sun jarraba jera amya a gefen gona suna haɗa su da waya, saboda giwa tana gudun ƙudan zuma, sai ga shi gona ta tsira, zuma kuma ta zama kuɗi. Mutanenmu kuwa ba baƙin amya ba ne.

Sai dai ina jan hankalinka, ranka ya daɗe, kada a gina wannan fata a kan Turawa. Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗanɗana ɗacin haka. Agadas ta rayu shekaru da baƙin Turai, har tawayen 2007 da sace-sacen mutane suka kore su, masu jagora da maƙeran azurfa da direbobi suka wayi gari ba sana'a. A Kure, inda raƙuman dawan da suka ragu zuwa kimanin 50 a 1996 suka farfaɗo suka kai ɗaruruwa saboda kulawar mutanen wurin, hari guda na ranar 9 ga Agusta 2020, wanda aka kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu, ya isa ya tsayar da zuwan baƙi. Baƙon nesa sanarwa ɗaya daga ofishin jakadancinsu take hana shi zuwa. Wanda zai riƙe Yankari shi ne ɗan gida: iyalin da suka fito hutun Sallah daga Kano ko Gombe, da ɗaliban makarantu, da ƙungiyoyin ma'aikata masu neman wurin taro, kuma irin waɗannan su ne masu sayen tsire da fura da zuma a bakin hanya. A yi musu rangwame, a tanadi wurin wanka da lokaci na mata dabam don magidanci ya zo da iyalinsa hankali kwance, a kuma sa kowace makarantar sakandare ta jiha ta kai ɗalibanta ko da sau ɗaya, a fara da 'ya'yan ƙauyukan da suke jin kukan giwa da dare amma ba su taɓa ganin ruwan Wikki ba.

Shi ma ɗan gida ba zai zo ba sai da aminci, kuma hare-haren 'yan bindiga da ƙasashen Gwana da Duguri suka gani a 'yan shekarun nan sun isa gargaɗi. Daji mai wannan girma, idan maƙwabtansa suka juya masa baya, masu laifi ne za su gaje shi. Makiyayi ma a tuna da shi, a buɗe burtalin da gonaki suka cinye, a haƙa masa mashaya a wajen iyaka, domin kama shanu da cin tara kaɗai ba sa shayar da garke a watan bazara.

Ba na da'awar cewa yawon buɗe ido zai kawar da talaucin karkara. Ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta 2022 ta nuna mutum miliyan 133 a Nijeriya suna cikin talauci mai fuskoki da yawa, kashi 72 cikin 100 na mutanen karkara suna ciki, kuma ciwo mai wannan girma maganinsa noma ne da ilimi da lafiya da hanya. Amma ga ƙauyukan da suke zagaye da Yankari, wannan daji shi ne dukiyar da Allah ya ajiye a ƙofarsu, shekara kusan 70 ke nan suna haƙuri da hane-hanensa, kuma ba a taɓa samun gwamnan da ya fi ka sanin sunayen garuruwansu da halin da suke ciki ba. Wa'adinka zai cika a 2027. Ina roƙonka, don Allah, ka tara sarakuna da dagatai da ardo-ardo da manoman da abin ya shafa, ka saurare su da bakinsu, ka aika wa Majalisa da ƙudurin rabon maƙwabtan Yankari da diyyar gonakinsu, ka sa masa hannu kafin giwaye su sake fitowa a damina mai zuwa.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka mashawarta na gari, ya sa ka sauke amanar nan lafiya. Wassalam.

Naka mai biyayya,
Wani talakanka daga ƙasar Bauchi.